Ranar da Babarbaren Gwaram Ya Gode Mini

Ni da boko ya tsaya mini a aji uku, kamfanin da ke sayar wa ƙananan akantoci manhajar lissafi ya ɗauke ni aiki. Babban muƙami ne ƙwarai: in zaga ofisoshinsu daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, in kwaso kukansu.

A cikin akantocin Gwaram akwai wani Alhaji, shi Babarbare, ni Bafillace, wasa ya halatta. Ina kafe babur zai ce, "Bawana ya iso! Manhajarku ta fi saniyarka taurin kai." In ce, "Alhaji, hannun Babarbare ta ji." Sai ya aika a damo fura.

Wata Laraba na tarar ya rame, hula ta yi masa yawa. Na tsokane shi, bai rama ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, komai yana aiki. Na gode. Ka yafe mini."

Da na kai labari, shugabarmu ta yi murna, wai a ƙarshe mun gamsar da Alhaji. Ni dai na san ba zancen manhaja ba ne. Kafin in sake zagayowa an yi jana'izarsa. Har yau ina zuwa Gwaram, kowa Baba yake ce mini, babu mai ce mini bawansa.