Bagobirin da ya ga hanjina a tele

Yau Talata, bayan sallar asuba, waya ta shigo daga Mayahi: Ɗan Tani mai goro ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya tafi ban rama ba.

Tun farin 84, zamanin soja, muke tare. Ni mushe a lakwal, wato malamin makarantar boko, shi da faifan goro a bakin tasha. Ƙasar nan ta ci karatuna ta yar da ni, na haƙura. Abin da Bagobirin nan ya yi mini ne ban haƙura ba.

Shekarun baya ciwon ciki ya kayar da ni. Shi ya ɗora ni a amalanken jaki har tasha, ya raka ni Maraɗi. Likita ya ce hanjina ne ya shige cikin ɗan'uwansa, kamar hannun riga ya juye. Ba sai an yanka ba. Za a zura tiyo mai kamara ta ƙasa, a hura iska ya warware.

Aka ce wa ke da mara lafiya? Ya ce, "Bawana ne." Suka bar shi ya kalli tele, talabijin ɗin da ke nuna cikina.

Kafin in iso gida Tasawa labari ya riga ni, Ɗan Tani ya baza shi a fada, wurin hirarmu. "An yi ma Mushe famfo kamar tayar keke! Na duba ciki sarai, babu Faransanci ko ɗaya, gero ne irin na kowa."

Bakatsine irina ba ya kai ƙarar Bagobiri, abokin wasa ne. Sai na daina zuwa fada. Shi kuma duk ranar kasuwa sai ya yi sallama da ƙwaryar fura. "Mai laushi ce, Mushe, kar taya ta sace."

Makon jiya ya zo, ya rame ƙwarai. Ya ce shi ma an ce sai an leƙa cikinsa. "Taho ka raka ni, ka kalli nawa, ka huce."

Muka sa Alhamis. Na sa aka goge mini riga. Har na tsara abin da zan faɗa a fada, da Hausa da Faransanci.

Bai kai Alhamis ba.

Allah ya jiƙan Ɗan Tani, ya yafe masa, har da maganar tayar. Ku da ke karantawa, ku sa shi a addu'a don Allah.

Mutum ɗaya ne ya rage mai sallama a ƙofata, kuma da azahar za a binne shi.