Tutar da Yayana Ya Kafa a Gonar Baba

Shekarun baya, wata safiya ta kaka, kukan shanu da ihun maza suka tashi a bayan gidanmu, a wani ƙauye kusa da Kiru. Har yau idan na ji ƙanshin ɗanyen karan dawa da aka tattake, ranar nake tunawa.

Lokacin yayana ɗan sanda bai daɗe da dawowa daga Namibiya ba, inda ya yi aikin kiyaye zaman lafiya sa'ad da ƙasar ke shirin samun 'yancin kai. Cikin tsarabarsa akwai wata 'yar tuta shuɗiya mai farar taswirar duniya a tsakiya. Ya ce irinta suke ɗaura wa motarsu, don kowane ɓangare ya san ba faɗa ya kawo su ba. Ni kuwa launinta ne ya tafi da ni, kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Sai na mayar da ita ɗankwali, har da rubuta mata waƙa a bangon littafina.

Da safiyar ranar shanun maƙwabtanmu Fulani suka shiga gefen gonar Baba. Nan da nan matasanmu suka fito da gorori da fartanyu, 'yan ruga kuma da sandunansu. Mutanen da muke shan nononsu tun ina goye!

Yaya ya shigo gida da sauri. "Auta, cire tutar nan ki ba ni."

"Yaya, yanzu fa na ɗaura ta."

"Ki ɗaura faifai. Kawo!"

Na ja mayafi na bi shi, na laɓe a jikin danga. Ya ɗaure tutar a kara, amma bai kafa ta a bakin gona ba. Ya kutsa cikin dawar, ya tsallake kunyoyi, sannan ya soke karan a ƙasa. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya juya ya gai da Arɗo, shugaban rugar.

"Baba, Baffa, kowa ya tsaya inda yake. Mai son duka ya fara da ni."

Wani matashi ya ce, "Ɗan sanda, nan fa ba Namibiya ba ce!"

Baba ya daɗe yana kallon gindin tutar, can ya ce, "Ku koma gida. Abin da shanu suka ci na yafe."

Arɗo ya cire malfarsa. "Malam, in an yi girbi a gonarka za mu sauka. Takin bana naka ne."

Na yi shekaru ina ɗauka wani kwarjini ne ke jikin ƙyallen, ina alfahari kaina ya taɓa shi. Har yanzu nakan ga yayana tsaye cikin dawa, hannunsa babu ko tsinke, sai in ji ƙirjina ya cika.

Sai bayan rasuwar Baba mahaifiyata ta gaya mini: inda Yaya ya kafa tutar, nan ne ainihin iyakar burtali, hanyar shanu, wadda Baba ya yi ta ci da garma kaɗan-kaɗan duk damina. Yaya ya sani, bai kuma taɓa faɗa a gaban mutane ba.