Ranar da Muka Yi wa Gidanmu Jere

Shekarun baya, ina ɗan sakandare ajin farko, na yi wa iyayena bayanin abin da ni kaina ban sani ba. A gidanmu ni ne tafinta, duk Turancin da ya shigo ni ake kira, har kai ya fara kumbura.

Lokacin gidaje sun yi tsada a Greensboro ta Amurka, inda muke zaune, kowa zancensa sabunta bashin gida. Wato banki ya sake kimanta gidanka, in darajarsa ta hau ya miƙo maka kuɗi a hannu, bashinka ya ƙaru. Baba ya shiga layi saboda rufin ɗakin kakata a Maraɗi yana yoyo, ga damina ta matso. A ƙasan zuciyarsa kuma akwai wata mota da yake yi wa kallon soyayya a wurin masu sayar da motoci na titin High Point Road. Banki suka ce mai kimantawa zai zo ranar Asabar.

Mama ta ce, "Kai, me mutumin nan zai duba?"

Na gyara zama na ce, "Komai, Mama. Har cokula."

Wallahi har yau ban san inda na samo cokulan nan ba.

"To ai jere ke nan!" in ji Mama, ta ɗauki waya. Kafin Juma'a gidanmu ya koma ɗakin amarya. Wata Hajiya ta aro mana labulayen Dubai. Wata Anti 'yar Jos ta turo kujerun fata, ta ce kada wanda ya zauna. Kawuna mai taksi ya kawo talabijin da sai ka fita waje kafin ka gan shi duka, da kabad ɗin matarsa na jera kwanukan tangaran.

Ni da kawu muka ɗauki kabad ɗin. Ni ke ba da umarni, tunda ni ne masani. Na ce, "Kawu, dama!" Ya yi dama, kusurwar ta shige bango, ta bar ramin da kaina zai shiga har da kunnuwa. Mama ta rufe shi da agogon bango. Matsalar ita ce ramin daidai ƙugu yake.

Ranar Asabar wani siririn bature ya iso da abin awo. Mama ta turara gidan sosai, har ƙararrawar gobara ce ta fara yi masa sannu da zuwa. Ya taka kafet uku da aka shimfiɗa kan juna, ya nutse zuwa idon sawu. Bai ko kalli talabijin ba. Sai ya roƙi a matsar da kabad zai auna bango.

Mama ta zungure ni. "Gaya masa kwanukan nan ba na ƙasar nan ba ne."

Na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce sun yi kyau, amma shi gini yake dubawa, kayan ciki ba sa cikin lissafi.

"Me ya ce?"

"Ya ce sun yi kyau."

Ƙanwata, wadda ba ta taɓa yarda ta yi Hausa ba sai ranar, ta ce, "Mama, ya ce kaya ba su da amfani. Yaya ƙarya yake."

Baba ya dube ni ya ce, "Har cokula, ko Malam?"

Ana cikin haka bature ya tsaya gaban agogo. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya leƙa, ya yi rubutu. Tuwon da Mama ta yi masa ma bai ci ba, ruwa kawai ya karɓa.

Tun daga ranar na gane "ban sani ba" ba ta kashe mutum. Amma har yau in na buɗe baki a gaban baƙi, sai kawu ya ce, "A yi shiru, mai cokula zai yi fatawa."

Darajar gidan ba ta kai mafarkin Baba ba. Abin da banki ya ba shi ya isa rufin kakata kawai, mota ta tafi da wani. Da farashin gidaje ya faɗi daga baya, Baba ya riƙa hamdala da bai ciyo da yawa ba. Na ce ai ramina ne ya cece mu, ya miƙo mini bokitin filasta.

An rufe ɗakin kakata kafin ruwan farko. Gidan yana hannunmu, Baba yana nan yana biya. Facin da na yi ya fito a karkace, don haka agogon yana nan daidai ƙugu.