Ranar da Na Hana Bawana Amshi

Da aka rushe mana gidaje a Nakkasa, unguwarmu ta Hausawa a Makka, kowa ya kama gabansa. Wasu suka koma Shisha, wasu Jidda, wasu kuma aka sa su a jirgi ba su shirya ba. Abin da ya rage mana tare shi ne zaman bege na ranar Alhamis bayan la'asar, a falon wani mai shagon turare, jikan Katsinawa amma haifaffen nan. A nan muke yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tagogi a rufe, babu mandiri saboda maƙwabta.

Kundin waƙoƙinmu ya tsufa ƙwarai. Rubutun ajami ne na mutane da yawa, an yi hotonsa, an yi hoton hoton, ya sha shayi ya sha miya, har wani shafin sai dai ka tuna abin da ke wurin. Maigidan ya ce a yi sabon littafi na ɗab'i, rabi Larabci rabi Hausa, domin 'ya'yanmu sun fi jin Larabci. Aka kafa kwamiti na mutum biyar, har da ni.

Kada wani ya ɗauka ilimi ya kai ni. Karatuna a izu biyu ya tsaya, boko kuwa a aji uku aka kore ni, don na sa wa malami kwaɗo a aljihu. Maƙogwaro kawai Allah Ya ba ni. Ni ne mai ɗaga amshi. In mai waƙa ya kai ƙarshen baiti, bakina kowa ke jira. In na buɗe, falo ya ɗauka, in ban buɗe ba, kowa ya riƙe nasa, don ba mai son a ji muryarsa ita kaɗai.

Waƙoƙin sun fi ƙarfin littafi ɗaya, dole a zubar da wasu. Sakataren kwamitinmu, wani malamin makaranta mai gilashi da jan biro, ya kawo ƙa'ida: mai waƙa ya tashi ya ja baiti uku. Idan jama'a suka amsa, waƙa tana raye, ta shiga. Idan ba a amsa ba, an manta da ita, a bar ta. Duk muka ce wannan adalci ne.

Akwai wani tsoho Bazazzagi a cikinmu. Ni Bakano ne, saboda haka tun ranar da muka fara haɗuwa nake ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, kuma ba wanda ya taɓa yin fushi, don ba a fushi a wannan wasa. Shekara da shekaru yana tura keken marasa ƙarfi tsakanin Safa da Marwa, har gwiwoyinsa suka ƙi, yanar ido kuma ta dushe masa gani. Waƙa ɗaya gare shi, ta mahaifinsa, wanda ya taho Makka da ƙafa ta Chadi da Sudan. Duk garin da ya yada zango ya yi masa baiti, ya haɗa da salati. Ba ta cikin tsohon kundi. A kansa kawai take, 'ya'yansa kuwa in ya yi musu Hausa da Larabci suke ba shi amsa.

Ana saura mako a gwada tasa, ya tare ni wajen takalma.

"Kai bawa, na ji an ba ka kujera. Lalle duniya ta zo ƙarshe."

"Ka durƙusa ka gaishe ni, ko waƙar nan taka mai tsawon hanyar Madina ta samu shiga."

Ya yi dariya, sannan ya riƙe hannuna, ya rage murya. "In na mutu ba a rubuta ta ba, ubana ya sake mutuwa. Ka ɗaga mini amshi da ƙarfi."

Na ce masa sai bene ya girgiza.

Ranar ta zo. Ya sha farar riga da guga, ya zo da wuri. Ni kuwa shaiɗanina ya riga shi zuwa. Na bi sahun gaba ina raɗa wa tsofaffi: yau za mu gasa Bazazzagi, kada wanda ya buɗe baki sai na buɗe. Niyyata mu yi shiru a baitin farko ya ɗan tsorata, a na biyu mu faɗo masa kamar ruwan sama, a yi dariya a wuce.

Ya dafa bango ya miƙe, ya ja baitin farko, na barin gida. Ya kai ƙarshe, ya ɗaga hannu yana jiran mu. Shiru. Har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ana ji. Ya juyo da fuskarsa wajen da ya san ina zama, bakinsa a buɗe, kamar wanda ya taka matakalar da babu ita. Zan faɗi gaskiya, na ji daɗin fuskar nan. Na ce bari in ƙara kallo ɗaya.

Ya ja na biyu da sauri. Na sunkuyar da kai ina duba carbina kamar yau na saye shi. Ya amsa wa kansa amshin, shi kaɗai, da siririyar murya, ya tsaya a tsakiya.

A na uku, wallahi na cika ƙirji da iska zan shiga. Sai muryarsa ta karye a wajen ƙetare teku, ta yi wani irin kuka kamar na ɗan akuya, wani tsoho a gefena ya ƙyalƙyale, ni ma iskar da na tara ta fita da dariya. Sahun gaba duk ya ɗauka.

"Baiti uku, babu amshi," in ji sakatare. Na ji tafiyar jan biro a kan takarda.

Bazazzagin ya yi abin da wasa ya wajabta masa, ya yi dariya tare da mu. "Bawan banza," in ji shi, "yau ka ci ni." Ya laluba bango ya zauna.

A nan ya kamata in tashi in ce ni na ƙulla. Amma limaminmu yana zaune, maigida yana zaune, kuma ɗan kwamiti ne zai ce ya murɗe ƙa'idar kwamiti. Na ji kujerar nan ta yi mini daɗi. Na bari sai a waje na ce masa ya kwantar da hankali, wasa ne, zan gyara.

Sau ɗaya na gwada. Sakatare ya cire gilashi ya ce, "Ya ammi, baffana, in na buɗe wa ɗaya, goma za su zo. An gama." Ban ƙara ba. Duk Alhamis tsohon yakan tambaye ni, ni kuma in ce, "Tana ciki, sarkin naci." Har ya fara kawo mini dabino.

Bayan aikin hajji littafi ya iso, koren bango, ƙamshin sabuwar takarda. Aka ba kowa nasa. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya matso kusa da ni.

"Nuna mini, bawa. Idona ba ya kama ƙananan nan."

Na buɗe can wajen ƙarshe, na ga Larabci ba wasali, wanda ni da shi duk ɗaya muke a gabansa. Na dangwala yatsa. "Ga ta nan. An ma juya maka ita Larabci don jikokinka."

Ya sumbaci shafin, ya naɗe kusurwarsa, ya ce ranar Juma'a zai kai wa 'yarsa ta karanta wa yara.

Alhamis ta zagayo, ya zo a makare, ya zauna kusa da ƙofa. Da aka tashi ya miƙo mini littafin.

"Alhaji, riƙe wannan. Kai ya fi dacewa da shi."

"Haba bawana, me ya yi zafi?"

"'Yata ta tara yaran duka, har da mijinta. Na sa sun yi alwala." Ya nemi takalminsa da ƙafa. "Ta karanta mana har ƙarshe, Alhaji. Ba ta tsallake kowa ba."

Da ya fita, na kai wa sakatare shafin mai naɗin kusurwa, na ce ya faɗa mini abin da ke ciki. Ya ce shafin godiya ne ga 'yan kwamiti, bisa kula da suka yi da amanar magabata. Ya nuna mini sunana, shi ne na huɗu.