Tirelar Surukina

A gidan da na tashi, mutum ba ya zama ya yi doguwar magana da mijin 'yarsa. Gaisuwa ce tsakaninsu, sai addu'a, sai kowa ya kama gabansa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya aurar da 'ya'ya mata da dama, ban kuwa taɓa ganin ya haɗa ido da ɗaya daga cikin mazajensu ba. In da abin faɗa, akan nemi wanda zai kai. Masu ganin wannan tsohon yayi ne ba su san amfaninsa ba. Bakin da ba a saba jinsa ba, ran da ya buɗe, nauyi gare shi, kuma uba yakan tanadi wannan nauyi saboda ranar da auren 'yarsa zai buƙace shi. Da wannan tarbiyya na zo Doha, da ita na zauna shekaru masu yawa ina aikin injiniya, ina kula da manyan motocin wani kamfanin makamashi da duk abin da suke ja a bayansu.

Surukina likita ne, yana zaune da iyalinsa a wani bene a Bin Mahmud. 'Yata ta fari yake aure, wadda ita ma ba na kiran sunanta, ba na kuma sakin baki da ita. Yaro ne mai ladabi, wannan ba zan rage masa ba. In ya kawo su gidana a unguwar Matar Ƙadim, tun daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni kansa a sunkuye, sannan ya koma wajen mota ya jira, ko da rana na narka kwalta. Na sha yin alfahari da shi a gaban abokaina, waɗanda surukansu ke miƙa musu hannu a tsaye.

Wata shekara, gab da shigowar sanyi, lokacin da mutanen garin nan ke fara kafa tantuna a rairayin kudu, sai ya sayi babura biyu masu ƙafa huɗu, irin waɗanda ake hawa tudun yashi da su. Ban ji daga bakinsa ba, balle na matarsa. Babbar jikata ce ta shigo falona da wayar uwarta a hannu, ta tura mini hoton har kan hanci.

"Tsoho, dubi abin da Abba ya saya mana. Kai dai kar ka sa rai, babbar rigarka za ta naɗe a taya, a ce mu muka kayar da kai."

Na ce mata na tuƙa abin da ya fi wannan tun uwarta ba ta san hanyar kasuwa ba, in kuma ta ci gaba da raina ni zan sake ta in auro wadda ta fi ta kunya. Ta ce ta ji, amma in biya ta kayan ɗakinta tukuna. Muna cikin haka ta goga yatsa a kan wayar, wani hoto ya fito. Ƙaramar tirela ce da ake ɗaura wa mota a baya, wadda ubanta ya gani a Sana'iyya, unguwar masu walda da gareji, ya kuma ce ran Asabar zai je ya ɗauko ta domin jigilar baburan.

Na karɓi wayar na sa tabarau. Jan fenti ne da ita, mai ƙyalli, irin wanda ake shafa wa kaya don a rufe ido. Tayoyinta biyu tak, ƙanana, ba su fi na baron leburori da yawa ba. Shimfiɗarta gajera ce, kuma ko alamar birki babu. Wanda bai san aikin ba zai ce ai babura biyu za su hau, kuma lalle za su hau. Sai dai na biyun, rabin nauyinsa a bayan tayoyi zai zauna. A cikin gari ba za a ji komai ba. Ran da aka hau babbar hanyar kudu aka saki mota, wata tanka ta wuce da iskarta, nan wutsiyar za ta fara kaɗawa, dama, hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ta ɗauki motar da ke janta ta juya da ita. In direba ya firgita ya taka birki, ita ba ta da nata, sai ta turo shi. Ba a littafi na karanta wannan ba. Na tsaya a gefen hanya a kan irinsa, cikin aikina, fiye da yadda nake son tunawa. Kuma motar da za ta ja wannan jar aba, 'yata ce a cikinta da jikokina.

Da a wurin aiki ne, kalma ɗaya zan faɗa a mayar da ita inda aka samo ta. To amma mai abin surukina ne.

Na fara da hanyar da na gada. Washegari bayan karin kumallo na zaunar da maiɗakina na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce a gaya masa ya nemi mai taya huɗu, mai birkin kanta, wadda shimfiɗarta ke da tsawon da nauyi zai rinjaya gaba. Na ce a duba sarƙoƙin tsaro guda biyu da fitilun baya, a kuma nemi ƙarfen da aka yi wa rufin hana tsatsa, don iskar bakin teku gishiri ce zalla. Ta saurare ni tana tsince shinkafa. Da na gama ta ce in tuna fa ita ma surukinta ne, amma za ta gaya wa yarinyar.

Amsa ta dawo kafin la'asar. Wai ya gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, kuma in sha Allahu zai riƙa tuƙi a hankali. Na tambayi maiɗakina me ta faɗa. Ta ce ta ce Baba na cewa a kula da hanya, a kuma duba tayoyi. Na ce ina birkin, ina tsawon shimfiɗa? Ta ajiye tiren ta dube ni.

"Alhaji, so kake in ce wa yarinya mijinta bai san abin da yake saye ba, ita kuma ta je ta faɗa masa a ɗakinsa? Ni ban iya wannan aike ba."

Gaskiyarta ce, shi ya sa abin ya ƙara ƙona mini rai. Na ce ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta ce haka ne, amma ya danganta da bakin da ya faɗa. Na yi tunanin in kira baffansa a gida, wanda ya karɓa masa aure. Na fasa, domin na san kafin magariba labari zai zaga dangi biyu cewa uban yarinya ya kai ƙara daga Doha, kuma babu mahalukin da zai yarda a kan tirela ne.

Asabar na ƙaratowa, sai wata dabara ta zo mini, ita ma ta magabata. Dattijo in yana son suruki ya ji magana, yakan faɗa wa wani a gabansa. Da ma ina da buƙatar wani ƙarfe na famfon gida, sai na aika cewa in Sana'iyya za shi, ya biyo ya rage mini hanya. Ya zo da sassafe, ya buɗe mini ƙofar baya, ya kashe rediyo. Muka ratsa Misaimir, muka shiga cikin manyan motoci da ƙurar siminti, ba wanda ya ce uffan. Ko tari ya zo masa sai ya haɗiye.

Mai wurin wani mutumin Sham ne, ƙato, mai fara'ar 'yan kasuwa. Tirelolinsa jere a fili, jar tana gaba an wanke ta. Na naɗe hannun riga na zaga ta. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, na ƙwanƙwasa ƙarfen, na nuna masa inda waldar ta yi ƙuraje. Sannan na ɗaga murya, da Larabcina da na san surukina na ji sarai, na shiga karanta masa aibinta ɗaya bayan ɗaya. Na yi maganar nauyi, na yi ta birki, na yi ta ƙananan tayoyi da ke ɗaukar zafi a kwalta su kuma nutse a yashi. Ban taɓa yin bayani mai tsari irin na ranar ba, ko a gaban manyan kamfani. Mutumin yana ta gyaɗa kai yana cewa, ya hajji, kowa ita yake saye, ba wanda ya taɓa dawowa da kuka. Na ce masa irin wannan kaya wanda ya cuta ba shi ke dawowa ba.

Na juya in ga yadda maganar ta sauka a fuskar surukina. Babu shi. Can na hango shi a tsallaken titi, jikin motarsa, hannuwa a baya, yana kallon ƙasa. Ladabi ya hana shi tsayawa kusa da ni ina magana da wani, sai ya ja da baya har inda ko ihu na yi injin yankan ƙarfe ba zai bari ya ji ba. Duk abin da na faɗa, mutumin Sham na faɗa wa, shi kuwa ya riga ya san kayansa.

Ina tsaye ina haɗiyar takaici, mai wurin ya ɗaga masa hannu ya ce khalas, wato an gama, a kawo mota. Ashe sun gama magana tun zuwansa na farko. Ma'aikata biyu suka kama jar tirelar suka fara turo ta bakin ƙofa, surukina kuma ya shiga mota yana kawo ta da baya a hankali, ƙugiyar na matsowa. Na dubi tazarar da ta rage tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na san in suka haɗu, magana ta ƙare, don ba zan sa a kwance abin da mutum ya ɗaura da hannunsa a gaban baƙi ba.

"Likita," na ce. "Kashe motar ka zo."

Ban taɓa kiransa da bakina ba sai ranar. Ya fito kamar wanda aka tasa daga barci, ya zo ya zube a gabana cikin ƙasa mai baƙin mai. Na ce ya tashi tsaye, abin da zan nuna masa ba a ganinsa daga durƙushe. Na sa ma'aikatan nan biyu suka hau can ƙarshen shimfiɗar. Nan take hancin tirelar ya ɗaga sama, har ɗayansu ya kama ɗan'uwansa don kada ya faɗi.

"Ka gani? Haka za ta yi wa bayan motarka a kan hanya, da 'ya'yanka a ciki. Ina raye wannan ba za ta bi bayansu ba."

Ya daɗe yana kallon hancin nan a sama. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wallahi Baba, tun ran da na sayi baburan nake son in tambaye ka. Na rasa ta inda zan biyo."

Abin da ya taso mini ba na faɗa a gaban mutumin Sham ba ne. Muka wuce ciki. A can baya muka sami mai taya huɗu, doguwa, marar fenti, toka-toka kamar bokitin wanka, da birkinta da gadar ƙarfe ta hawar da babura. Ya shiga yi mini tambayoyi, kuma tambayoyin masu hankali ne, na wanda ya saba bin ciwo har tushensa. Na nuna masa inda babur mai nauyi zai zauna, da yadda ake gicciya sarƙoƙi a ƙarƙashin ƙugiya, da abin da za a ƙara wa motarsa don birkin ya yi aiki. Ita muka ɗauka. A hanyar dawowa bakinsa bai rufu ba. Har ta madubi yake dubana yana tambaya, ni kuwa ina amsawa a taƙaice, ina jin abin da na tanada shekara da shekaru saboda babbar rana yana tsiyayewa a kan zancen taya.

Da aka gama yi mata lamba ya kai ta Bin Mahmud, sai ta ƙi shiga. Wurin ajiye motocin benensu a ƙarƙashin ƙasa yake, kwanar gangarar kuwa ba ta karɓi tsawonta ba. A bakin titi kuma ma'aikatan baladiyya, hukumar birni, ba sa barin irinta ta kwana biyu ba su manna mata takarda ba. Wayata ta yi ƙara, na duba, lambarsa ce, kai tsaye, ba ta hannun kowa ba. Ya gaishe ni, ya ce ko Baba zai taimaka a ajiye ta a tsakar gidansa kafin a san abin yi. A da, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai iya roƙona wannan ba. Ni na zaɓe ta, da wane baki zan ce a'a?

Sau ɗaya na bi su rairayin, a tawa motar, ina baya ina kallo. Tankoki suka wuce mu da iskarsu, tirelar ba ta ko girgiza ba, tana bin motar kamar an zana mata layi. Jikokina suna ɗago mini hannu ta gilashin baya. Na yi hamdala, kuma har yau ina yi.

Amma sanyin Doha gajere ne. Aka naɗe tantuna, zafi ya dawo, ba a kuwa san abin yin ba har yanzu. Tirela na nan da baburanta biyu a ƙarƙashin rumfar da na kafa wa motata, motata kuma na kwana a titi, in na fito da azahar sai na sa tawul kafin in iya kama sitiyari. Surukina na da makullin ƙofar gidana. Yakan shigo ya duba iskar tayoyi, ya leƙo falo ya tambaye ni inda na ajiye igiyoyin ɗauri, wani lokaci ma ya zauna. Maiɗakina ta ce in gode wa Allah, na sami ɗa. Na ce mata 'ya'ya ina da su, suruki ne ɗaya tak gare ni.

Makon jiya ya turo mini hoton wani ƙaramin jirgin ruwa na kamun kifi, yana tambaya wace irin tirela ta dace da shi. Ban amsa ba tukuna. Na dai fita da yamma na tsaya ina duban abin da ya rage na tsakar gidan.