Fararen Duwatsun Sabo

Sabo bai taɓa zama shugaban kowa ba. Lebura ya shiga aikin hanya, lebura ya fita, da ciwon baya da ɗan fansho. Da ƙarfin diga ya ƙare masa, sai aka ba shi bokiti da burushi. Shi ke shafa farar ƙasa a duwatsun gefen titi da bakin kwalbati tsakanin Funtuwa da Malumfashi, don direba ya san inda kwalta ta tsaya. Ba mai gode wa irin wannan aiki, shi ma bai nema ba. Mutum ne da za ku wuni tare, abin da zai faɗa bai wuce "miƙo ruwan nan" ba.

Tsofaffin leburorin da suka yi ritaya tare suna da wata al'ada. Kowace damina, in an gama noman farko, sai su haɗu a gindin wani dutse kusa da Dayi, inda suka fasa tsakuwa da ƙuruciyarsu. Su hau har ƙoli, su ci abin da matansu suka ƙulla musu, su kalli titin da suka shimfiɗa, su zagi 'yan kwangilar yanzu, su sauko.

A daminar 1982 yanar ido ta rufe ganin Ishaya, mutumin Tsiga, wanda ya daɗe yana cin tuwo kwano ɗaya da Sabo a bakin aiki. Fari kawai yake iya rabewa da baƙi. Sabo ya je gaishe shi, ya tarar ana rigima.

"Malam Sabo, yi masa magana," in ji Salomi, matar Ishaya. "Wai dutse zai hau. Jiya turmi ya gaisar a tsakar gida."

"Turmin ya fi ki amsa gaisuwa," in ji Ishaya. "Zan hau. Kuma ba mai riƙe mini sanda. Ranar da aka ja ni, to na gama fita, ki shimfiɗa mini tabarma in jira kabari."

Sabo ya san shi. In ya faɗi abu, ya zauna. Sabo ya sha kunu, ya yi sallama.

Ana gobe hawa, ya ɗaura tsohon bokitinsa a bayan keke. Shi kaɗai ya bi hanyar dutsen yana nishi, duk inda za a sa ƙafa ya shafa fari, duk inda akwai rami ya jera duwatsu ya shafe su. Ƙaron da ake haɗawa don farar ƙasa ta kama bai samu ba. Ya dubi sama, ya ce rana ɗaya ce dai.

Da safe suka haɗu, har da Buba mai tumbi, kowa da sandarsa. Maitama, mai bakin da ba ya gajiya, ya ga fararen duwatsu, ya dubi faratan Sabo, ya buɗe baki. Sabo ya harare shi.

"Ikon Allah," in ji Maitama. "Gwamnati ta tuna da mu."

Ishaya ya shiga gaba yana bin fari, yana taka dutse kamar saurayi, har yana juyowa. "Ina masu idon? Buba, tumbin ne ya riƙe ka?"

Sun wuce rabi hadari ya taso daga gabas. Suka fake a ƙarƙashin wani falalen dutse da ya yi rumfa, suna taunar gyaɗa. Sabo yana tsugune yana kallon farin ruwa na gangarowa, aikinsa na jiya kenan ke komawa gindin dutse.

Ruwa ya ɗauke. Ishaya ya fito, ya tsaya, ya juya kai dama da hagu. Komai ya koma baƙi ɗaya. Buba ya miƙa hannu zai kama masa sanda, Sabo ya doke hannun.

Farar riga ce a jikin Sabo, ta zuwa masallaci. Ya wuce gaba kaɗan, ya tsaya daidai inda za a taka. Maitama ya gane, ya zarce gabansa da farar hularsa a hannu. Buba rigarsa shuɗiya ce, sai ya tuɓe ya tsaya da singileti, tumbi a waje.

"Wane ne wannan babban dutsen?" in ji Ishaya.

"Ubanka ne. Taho," in ji Buba.

Haka suka yi ta yi. Ishaya ya iso wurin mutum, mutumin ya zagaya ya koma gaba. Ba wanda ya taɓa shi. Sau ɗaya ya zame, gwiwarsa ta daki dutse, Sabo ya dunƙule hannuwansa a baya har Ishaya ya miƙe da kansa.

A ƙoli rana ta fito. Ishaya ya zauna yana haki, ya fuskanci kwari. Gonakin dawa da na auduga duk duhu ne a wurinsa. Amma kwalta ta jiƙe, rana ta dake ta, sai ga titin yana walƙiya, dogon zare guda.

"Ga shi can!" ya ce, yana nuni da sanda. "Ga kwanar da rola ta kafe mana. Kun gani?"

Inda ya nuna ya ɗan kauce, amma titin ne.

Suka buɗe ƙunshin dambu. Ishaya ya laluba ya tura nasa gaban Sabo.

"Na-bokiti, ba ka sa ƙaro ba."

"Babu a kasuwa."

"To baɗi ka nema da wuri."

Sabo ya ce, "Miƙo ruwan nan."