Anti Kwastan, Mai Duba Tafin Hannu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko a cikin 'yan'uwa sai an ce "me kika ce?" kafin a ji muryata. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Mama ce ta dube ni daga kan gadonta ta ce wanda ya yi maka rana, in bakinka ya kasa godiya, hannunka ya yi. To, ga hannun.

A ɓangaren mata na gidan motsa jikin da nake zuwa akwai wata dattijuwa. Abin da aka ɗauke ta ta yi shi ne buɗe ƙofa da shara da goge ƙarafa. Kafin kowa ya iso ta bi sandunan ƙarfe da burushi ta kakkaɓe tsohon alli da tsatsa, ta cika kwanon allin da muke shafa wa hannu, sannan ta ja kujerarta bakin ƙofa. Ba mai wucewa sai ta buɗe mata tafin hannu ta duba. Shi ya sa 'yan mata suka sa mata Anti Kwastan. Ba wanda ya ɗora mata wannan aiki. Ita ma ta ɗaga ƙarfe a ƙuruciyarta, ta san yadda hannu ke kuka.

Kusa da ƙafarta akwai tsohon gwangwanin biskit. A ciki da dutsen goge kaushi, da ƙaramin almakashi, da sabulu, da basilin, da bandeji. Kullum maganarta ɗaya ce: kantar da ƙarfe ke fitarwa a tafin hannu ba laifi ba ce, amma in ta yi tudu sanda za ta kama ta ta ɗaye. A jiƙa hannu, a goge ta da dutse har ta kwanta, a wanke alli bayan an gama, a shafa mai. Wata mai kitso da ke zuwa tare da mu tana yawan cewa ba don Anti ba da tuni ta ajiye matsefi, don ranar da bororo ya fashe mata tana da kawuna suna jira.

Ni ba son ƙarfe ne ya kai ni wurin ba. Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni ke ɗaga ta daga gado zuwa kujera, ni ke yi mata wanka. Da bayana ya fara ciwo, ma'aikaciyar asibiti ta ce in ƙarfafa jikina. Yaya kuwa ya ce in na kasa zai ɗauke Mama zuwa garin da yake aiki. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma Mama ba ta son barin ɗakinta da tagar da take gaisawa da maƙwabta, ni ma ba na son ta tafi.

Da kantar nan ta fito mini a tafin hannu murna na yi, don na ji 'yan mata suna cewa ita ce takalmin hannu. A bakin ƙofa kuma nakan laɓe a bayan wata in sulale, don kunyar a ga yadda wanki ya cinye mini hannu. Wata safiya ina rataye a sanda na ji fata ta ɗaye. Na sauko na ga jini a kan farin alli. Ba zafin ne ya fara zuwa mini ba, wankan Mama ne, da Yaya da ya ce yana nan tafe.

Anti ba ta yi mini faɗa ba. Ta wanke hannunta, ta wanke nawa da sabulu da ruwa mai tsabta, ta datse matacciyar fatar da ke reto, ta shafa basilin ta naɗe. Ta ce in riƙa miƙe yatsu don kada wurin ya tsage in ya fara kamewa, in kuma na ga kumburi ko mugunya, asibiti kai tsaye, ita ba likita ba ce. Tana cikin naɗin hawaye suka kuɓuce mini, na gaya mata komai.

"Ashe ba ƙarfe kika zo ɗagawa ba, 'yata," ta ce. "Ina ne gidan?"

Anti, ke ce kika riƙa biyowa ta gidanmu kowace safiya kafin ki buɗe ƙofar aikinki, da gwiwoyinki masu ciwo. Ke kika ɗaga Mama, kika yi mata wanka har hannuna ya warke. Mama tana ce miki kin fiye ƙarfi kamar ɗan dako, kina ce mata ita ce ta fiye nauyi kamar buhun siminti, kuna ta dariya kamar tare kuka tashi. Ke kika nuna mini in riƙe sanda a gindin yatsu, ba a tsakiyar tafi ba inda fata ke tattarewa. Uwar hannuwa, mai gyara ba a sa ki ba.

Ranar da Yaya ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallo, na ɗaga Mama na zaunar da ita ba tare da na yi nishi ba. Can ya ce daga yau zai riƙa yi mini magana a hankali, kada in ɗaga shi. Bai sake tada zancen tafiya ba.

Yanzu Anti ta ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, 'yarta ta ce ya isa haka. Mun taru mun yi mata sallama, kowa ta faɗi nata, ni bakina ya ƙi buɗuwa. Na gode, Anti. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a riƙe ki yadda kika riƙe mu. Ku kuma masu karatu, duk inda kuke aiki akwai hannun da ke bukatar a duba, kada ku jira a sa ku.

Da za ta tafi ta bar gwangwanin a kan kujera, ba ta ce na wane ne ba. Washegari na yi wa Mama wanka na zaunar da ita a bakin taga, na fita da wuri. Da na isa ban iya zama a kujerar Anti ba, a gefenta na tsaya. Wata sabuwar yarinya ta shigo, hannayenta a cikin aljihu. Na ce mata 'yar'uwa, buɗe hannunki in gani.

Ta ce, "Me kika ce?"

Na sake faɗa, da ƙarfi.